Hukuncin sayen tsohon sito bashi a hannun mai shi don mayar da shi gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani tsohon siton gyaɗa a Zango, nan Damagaram, ina so in saya in gyara mu tare da iyali. Mai shi ya ce miliyan 8 na sefa kuɗi hannu, ko miliyan 10 in riƙa zuba masa duk wata har shekara 3, ba banki a tsakani. Amma duk watan da na makara zan ƙara jaka 20, in na yi wata 3 ban biya ba kuma ya karɓe wurinsa, abin da na zuba ya tafi. Abokaina sun ce miliyan 2 ɗin nan kuɗin ruwa ne.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokanka sun tsaya inda ba matsala, sun tsallake inda take.

Ƙarin miliyan 2 halal ne. Ciniki ne kuke yi, ba rance ya ba ka ba, kuma mazhabobi huɗu sun yarda farashin ajali ya fi na kuɗi hannu. Haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a Jidda a 1990. Sharaɗin shi ne ku yanke farashi ɗaya kafin ku rabu. A Malikiyya, in ciniki ya ɗauru ba a san wanne aka ɗauka ba, ya faɗa hanin ciniki biyu cikin ɗaya.

Jaka 20 na makara kuwa haramun ne, ko da kai ka amince. Miliyan 10 ya zama bashi a wuyanka, kuma ƙari a kan bashi don an ƙara lokaci shi ne ainihin abin da jahiliyya suke yi. Wanda ya shiga matsi a jira shi, inji aya ta 280 a Suratul Baƙara. Mai hali da ke jan ƙafa kuma azzalumi ne, a kai shi gaban alƙali.

Sharaɗin ƙwace ya fi damuna, don kai gini za ka yi. Za ka fasa tagogi, ka tada katanga, ka haƙa masai, ka ja ruwa da wuta. A ce a shekara ta biyu ciwo ya kwantar da kai wata 3: ya haɗa kuɗinka da siminti da kwanonka ya riƙe? Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Wurin naka ne tun ranar da aka ƙulla ciniki. Abin da yake da haƙƙi a kai jingina ce, ya riƙe takardun wurin har ka gama biya. Annabi (SAW) da kansa ya sayi abinci bashi ya jinginar da sulkensa. Amma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa jingina ba ta zama ta mai bin bashi don ajali ya wuce. In biya ya gagara, sayarwa ake yi, ya ɗauki ragowar bashinsa, saura naka.

Ka koma masa a cire sharuɗɗan nan biyu. In yana tsoron kuɗinsa, ka kawo wanda zai tsaya maka, ko ku rubuta cewa in ka ƙi biya kana da hali, sauran kuɗin duka sun wajaba nan take. A sa komai a takarda da shaidu biyu, da adadin kowane wata da ranarsa, a tabbatar a hukumance, saboda magada. In ya ƙi cirewa, kada ka sa hannu.

Wallahu a'alam.