Dashen Itatuwa a Tsohuwar Maƙabarta da Batun Ƙaddara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a Tudun Wadan Zariya. Na kafa wa ɗalibaina ƙungiyar kula da muhalli: muna yashe magudanar ruwa, muna tsintar leda, har na kai su bakin rafin Kubanni suka ga sharar da ake zubawa. Bana muna son dasa itatuwa 40 a bayan makaranta, filin da dattawa ke cewa tsohuwar maƙabarta ce. Sai mahaifin wani yaro ya ce koyar da cewa ɗan Adam na da hannu a sauyin yanayi jayayya ce da ƙaddara, ya cire ɗansa. Hankalina ya tashi. Ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, Malama. Dashen itace sadaka ce, kawar da ƙazanta daga hanya reshen imani ne, wannan babu saɓani.

Abin da ya tsayar da ni shi ne kalmar da kika faɗa a wucewa: maƙabarta. A mazhabarmu ta Malikiyya kabari hubusi ne, wato waƙafi, na wanda aka binne a ciki, ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai sauran mamacin a ciki. Ko ya zama ƙasa, binne wani a wurin kawai aka yarda da shi, ba mai da wurin gona ko gini ba. Ramin dashe tono ne, saiwar darbejiya kuwa tana tafiya nesa. Don haka kada yaro ya sa fartanya a filin nan. Ki je wurin mai unguwa da tsofaffin da suka san wurin. In sun tabbatar akwai gefen da ba a taɓa binne kowa ba, a dasa a nan da izininsu. In ana kokwanto, ki koma harabar makaranta da ƙofofin gidajen yaran.

Maganar bawan Allah nan kuwa, na san inda ya ɗauko ta: hadisin Hudaibiyya, inda aka kafirta mai cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Kishin tauhidi ne, amma ya ɗora hadisin ba a muhallinsa ba. Tauraro ba ya jawo ruwa, Allah bai sanya shi sababi ba. Amma ledar da ta toshe kwalbati har ruwa ya shiga ɗakunan mutane fa? Kududdufan cikin birni, da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ke shanye ruwan damina. In an cike su da shara an yi gini, ina ruwan zai nufa? Haka hayaƙin fetur da gawayi da ke taruwa a sama yana riƙe zafi: sababi ne da Allah Ya halitta, masana suka gano shi ta hanyar awo. Allah da kanSa Ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Shi ma mahaifin yaron nan, ai yana gyara indararon gidansa kafin ruwan farko, yana sa wa masararsa taki, bai ɗauki wannan jayayya ba.

Inda yake da gaskiya: kada bakinki ya saba da irin "yanayi ya yi fushi", kamar shi ke sarrafa kansa. Hasashen damina ma ki koya musu cewa zato ne bisa alamu, sanin gaibu na Allah ne.

Kada ki yi musu da shi gaban yara, kada kuma ki bari su raina ɗansa. Ki roƙi shugaban makaranta ko limamin unguwa su same shi a gida cikin mutunci.

Na ji daɗin zuwanku Kubanni, amma kada ki sake kai yara bakin ruwa da damina, kuma sai da sanin iyaye. Yashe kwata aikin manya ne. Ƙananan su tsaya ga tsintar leda da safar hannu, kuma kada a ƙone ta, hayaƙinta cuta ne. Ki tura su su tambayi kakanninsu daga ina sunayen unguwannin Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka samo asali, da yawan rimin da suka tarar a birni. Ni dai ina ganin wannan zai fi zama a zuciyarsu a kan hoton ƙanƙarar ƙasashen Turai.

Sannan itace 40 ya yi yawa in babu mai ba su ruwa a watan Maris da Afrilu. Ki dasa 15 idan damina ta zauna, a kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, a damƙa shi ga yara biyu da za su riƙa shayar da shi har lokacin hutu. Wallahu a'alam.