Tambaya da Amsa: Shin Barin Yara Su Yi Wasa a Waje Ɓata Lokacin Karatu Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya'ya biyu a firamare, namiji ɗan shekara tara da mace 'yar shekara bakwai. Suna tafiya boko da sassafe, su dawo ƙarfe biyu, su ci abinci su wuce Islamiyya har gab da magariba, bayan isha'i kuma malamin lesin ya zo. Makarantarsu gida ne aka mayar da shi makaranta, ba ta da fili. Mahaifinsu ya hana su fita ƙofar gida saboda tsoron miyagun abokai da masu satar yara, kuma a ganinsa wasa shiririta ne, don haka idan sun sami sarari waya muke ba su. Kakarsu kullum faɗa take yi cewa mun kulle yara kamar kajin gidan gona. Yanzu namijin ya zama mai saurin fushi, ba ya jure a fi shi a komai. Wane ne ke da gaskiya?
Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Tsoron da maigida yake yi yana da tushe, domin duk mai zaune a birni ya san abin da ke faruwa a tituna, amma a kan ainihin maganar, kakarsu ce ta fi kusa da gaskiya. Yinin da kika bayyana, tun daga fitowar rana har bayan isha'i, kusan dukkansa yinin zama ne, kuma jikin ɗan shekara tara ba don haka aka halicce shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga, kuma sau uku a mako su yi irin motsin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, wato gudu da tsalle da hawa. Ƙashi yana yin ƙarfi ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka a shekarun girma, yaron da ya gaji da gudu kuma yakan fi cin abinci da samun barci mai nauyi.

Akwai kuma batun ido, wanda iyaye da yawa ba su sani ba. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda 'yan kasuwarmu suka sani sarai, an yi bincike a makarantun firamare 12, aka ƙara wa yaran rabinsu minti 40 na wasa da motsa jiki a waje a kowace ranar makaranta. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan shekara uku, kusan 30 cikin ɗari na waɗannan yara ne suka kamu da matsalar rashin ganin abin da ke nesa, alhali a sauran makarantun adadin ya kusan kai 40 cikin ɗari. Masana suna danganta hakan da hasken rana, wanda ko a ƙarƙashin inuwar bishiya ya ninka hasken ɗaki sau da yawa, kuma yana taimakawa wajen hana ƙwayar ido yin tsawon da ya wuce kima. Wayar da ake riƙewa dab da fuska ba ta ba da wannan kariya.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne fushin yaron da rashin jurewarsa. Ki tuna yadda ake langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar, abokan hamayya suna ƙoƙarin ture shi, 'yan ƙungiyarsa kuma suna kare wanda aka naɗa ruwa har ya isa inda zai sha. Kafin a fara sai an yi gardama a kan rabon ƙungiya, ana cikin yi wani ya ce wane ya saki ƙafa, shi kuma ya musanta, kuma babu babba a wurin da zai yanke hukunci. Dole yaran su sasanta da kansu, domin kowa ya san idan gardama ta yi tsawo wasa ya watse. Wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya koma gefe ya jira, wanda ya cika fushi kuma gobe babu mai ɗaukarsa a ƙungiya, don haka sai ya koyi haɗiye ransa. A waya kuwa, idan an cinye yaro danna maɓalli kawai zai yi ya sake, babu wanda zai roƙa, babu wanda zai ba haƙuri. Ba zan ce wannan kaɗai ne dalilin halin ɗanki ba, amma yaron da bai taɓa shan kaye a gaban tsaransa ya ga duniya ba ta tashi ba, zai sha wuya ranar da aka fi shi maki a aji. Haka ita ma ƙanwarsa: carafke yana koya mata daidaita ido da hannu da ƙirga, 'yar gala-gala tana koya mata tsayuwa a ƙafa ɗaya da jiran layi, gaɗa kuma tana buɗe mata baki da ƙarfin hali a cikin jama'a.

Idan maigida yana ganin karatu zai ragu, ki tuna masa cewa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan an tashi daga makaranta, domin hana shi wasa da tilasta masa karatu ba ƙaƙƙautawa yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira. A ƙasar Finland kuma, al'adar makarantu ita ce hutun minti 15 bayan darasin minti 45, kuma yawanci a waje yara suke yin sa. Hankalin ƙaramin yaro yana da iyakar abin da zai ɗauka a zama ɗaya. Bayan nan malami yana magana ne kawai, yaro yana kallon allo.

Shawarata ita ce ku zauna ke da shi ku duba jadawalin yaran, kuma idan dole wani abu ya ragu, lesin ɗin dare ne ya kamata ya koma kwana biyu ko uku a mako. Ranakun da babu Islamiyya, ku ware bayan la'asar don wasa, haka ma safiyar ranakun da babu boko. Tsoron titi maganinsa sa ido: ku haɗa kai da gida biyu ko uku na maƙwabta da kuka yarda da tarbiyyarsu, yara su taru a tsakar gida mafi faɗi ko a lungun da adaidaita sahu ba ya bi, babba ɗaya ya shimfiɗa tabarma a gefe. Wanda ya zauna ɗin ya kula da haɗari, amma kada ya riƙa tsoma baki a kowace gardama, kuma kada a daki yaro don ya dawo da ƙura a riga ko ƙujewa a gwiwa. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, a guji ranar tsaka kuma a ajiye ruwan sha kusa. A lokacin hunturu a kula da mai asma idan hazo ya yi yawa. Wanka a kududdufi kam a hana shi gaba ɗaya, saboda nutsewa da cutar tsargiya, kuma a shigo da yara kafin sauro ya fito.

Batun makarantar ma bai kamata ki yi shiru a kansa ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta amince da haƙƙin yaro na hutawa da wasa, kamar yadda sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya tanada. A taron iyaye da malamai na gaba, ki tambayi shugaban makarantar minti nawa ake ba yara hutu, ko ana cinye shi da kwafar rubutu, da kuma ko za a iya neman izinin kai yara filin wata makarantar da ke kusa ko da sau ɗaya a mako.