Sauraron opera a rediyo ba tare da jin Italiyanci ba

Ka tambaya ko wanda ba ya jin Italiyanci zai amfana da opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, idan a rediyo ya saurara. Zai amfana ƙwarai, domin akwai shirin rediyo da ake fayyace wa mai sauraro labarin wasan. Gidan Metropolitan Opera na birnin New York ya fara watsa wasanninsa kai tsaye a rediyo ranar 25 ga Disamba, 1931, kuma har yau ana yi ranakun Asabar a kakar wasa. Kafin a buɗe labule mai gabatarwa yakan fayyace labarin, aikin da Milton Cross ya shafe fiye da shekara 40 yana yi. Shawarata, ka karanta taƙaitaccen labarin tukuna, domin muryar kaɗai ba za ta nuna maka wanda ya shigo dandali ba.