Me zan karanta kafin in fara zana kayana?

Yaron shago ne a wajen wani kafinta kusa da Kasuwar Katako a Jos. Ya iya yanka da haɗi, amma duk abin da yake yi kwaikwayo ne daga hoton waya. Ya ce: "Maigida, akwai littafin da zai koya min binciken da ake yi kafin a zana kujera ko kabad?" Ga amsar maigidan.

Akwai, ɗana, amma uku sun ishe ka, kuma kada ka karanta su a birkice.

Fara da na Don Norman, The Design of Everyday Things, wanda ya fara fitowa a 1988. Ba littafin kafinta ba ne, ido yake buɗewa. Babban misalinsa ƙofa ce: idan mutum ya ja ƙofar da turawa ake yi, laifin wanda ya sa mata mariƙin ne. Bayan ka gama shi, zauna a bakin masallaci ka kalli yadda mutane ke ajiye takalmi a kan kantar takalma. Za ka ga layin ƙasa da na tsakiya sun cika, na sama babu kowa. Wannan kallon shi ne binciken.

Na biyu, The Field Guide to Human-Centered Design na IDEO.org, na 2015. Kyauta ake sauke shi a intanet. Sashen hira da mutane kawai nake so ka riƙe. Mutanenmu akwai kara. Ka ce wa Hajiya "kujerar ta yi?" za ta ce "ta yi, Allah ya yi albarka", ko da bayanta na ciwo. Sai dai ka ce: "Hajiya, nuna min inda kike zama idan za ki yanka albasa." Idan ta jawo 'yar tsugunno, to kantar kicin mai inci 36 da ka gani a hoto ado za ta zama, ba wurin aiki ba. Ka nemi izinin masu gidajen, ka shiga gida biyar, ka rubuta abin da ka gani, ba abin da aka faɗa maka kawai ba.

Na uku shi ne na awo: Human Dimension and Interior Space na Julius Panero da Martin Zelnik, 1979. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Jos sun fi yawo da wani littafin awon, Architects' Data na Ernst Neufert, wanda asalinsa ya fito a Jamus a 1936. Shi ma ya yi. A nan ne yara ke faɗawa rami. Jikin mutanen Amurka da Turai aka auna, babu mai babbar riga a cikinsu. Ɗauki hanyar awon, lambobin kuma ka gwada su a kan naka mutanen.

Ga yadda ake yi. Zaunar da mutum, tafin ƙafarsa a ƙasa, ka auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa: tsayin mazauni ke nan, galibi inci 17 zuwa 18 a kujerar cin abinci, teburin kuma 29 zuwa 30. Auna daga bayansa zuwa bayan gwiwa, ka rage inci biyu, ka sami zurfi. Idan ya zarce haka, bakin kujera zai danne jijiya, mutum ya dinga zamewa gaba. Soso yana nutsewa idan an zauna, don haka a zaune ake awo, ba da kujera fanko ba. Kuma kada ka yi wa matsakaicin mutum aiki. Abin da za a miƙa hannu a ɗauka, da gajere ake auna shi. Wurin da jiki zai shiga, kamar tsakanin hannuwan kujera, da mai ƙiba.

Kafin ka taɓa katako mai tsada, haɗa samfuri da ragowar falankin shago da ƙusa. Mutum biyar su zauna, kowa minti ashirin, kai kuma ka yi shiru kana kallon inda suke gyara zama. Gobe kawo min awon mutum goma a littafi, maza biyar mata biyar. Na matan, ƙanwarka ta riƙe tef.