Dillali Ya Nuna Mini Gida Biyu, Wanne Zan Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bikina ya matso, kuma a Kantin Kwari da ke Kano nake kasuwanci. Dillali ya nuna mini gida biyu. Ɗaya sabon gini ne a bayan Janguza, ciki biyu da falo, da tayil da silin mai ado, hayarsa ma ta fi sauƙi. Ɗayan tsoho ne a Gwale, ciki da falo, daɓen siminti, amma da rijiyar burtsatse a gidan. Dangin amarya sun fi son sabon don kayan ɗaki su shiga. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ango.

Abin da nake gaya wa duk mai neman haya shi ne ya ware abin da rashinsa zai riƙa cin aljihunsa ko lafiyar iyalinsa kullum. Wannan shi ne buƙata. Tayil da silin kuwa sha'awar ido ce, bayan wata biyu ba za ka ƙara ɗaga kai ka kalle su ba.

Fara da ruwa. Ba ka ce komai ba game da ruwan sabon gidan, wannan shirun ne ya dame ni. Gidan da ya dogara da 'yan ga-ruwa yana karɓar haya ta biyu, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya, kuɗin jarka ya tashi. Kuma amarya ce za ta wuni da wannan wahalar kana kasuwa. Na Gwale ɗin ma kada ka tsaya ga maganar dillali. Shiga ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi 'yan hayan da ke ciki ko ruwan na kai wa ƙarshen rani, da kuma wanda ke biyan gyara in injin ya lalace.

Sai nisa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya shiga lissafin haya. A ce zama a Janguza zai ƙara maka naira 1,000 a rana zuwa da dawowa. Ɗan kasuwa na fita kusan kwana 300 a shekara, ka ga naira 300,000 ke nan. Ɗora wannan a kan hayar da ka ce ta fi sauƙi, ka ga ko har yanzu tana da sauƙin. Ban ma sa cunkoson Kabuga da yamma a ciki ba.

Duba jikin ginin kuma. Gidan da ka gani da rani ba shi za ka tarar a watan Agusta ba. Kalli gindin katanga ko akwai shatin ruwa, ka bi kwatar layin ka ga inda take zubewa. Sabon fenti kan rufe laima, maƙwabta kuwa ba sa ɓoyewa.

Game da wuta, tambayi ko gidan na da mita mai kati, taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka, kuma ko wanda ya tashi ya bar bashin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano. San rukunin da kamfanin ya sa layin a ciki: tun Afrilun 2024 'yan rukunin A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ke biyan kuɗi mai tsada sosai.

Maganar kayan ɗaki ban raina ta ba. Iyaye sun yi shekaru suna tarawa, suna son ranar jere a ga 'yarsu ta fita kunya. Ka je da kanka, ko ka tura wani babba, a yi musu bayani cikin ladabi. A auna ɗakin kafin kafinta ya haɗa gado, abin da bai shiga ba a ajiye shi a gida har Allah ya buɗa.

Ni dai na Gwale zan kama, da sharaɗi guda: banɗaki da kicin su zama naku ku kaɗai. In na haɗaka ne da wasu 'yan haya, ka bar duka biyun, dillali ya ci gaba da nema. In kuma gidan ya yi maka, kada ka ba da ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, mai unguwa ya tabbatar maka nasa ne, an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, har da la'adar dillali da ranar da shekararka za ta fara.