Ina kwana da injin CPAP amma har yanzu gyangyaɗi nake da rana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 46. Maiɗakina ce ta fara lura cewa cikin minshari numfashina yana ɗaukewa har sai ta zungure ni, da aka yi min gwajin barci aka ce sau 38 yake ɗaukewa a awa ɗaya, na rufe ido na sayi CPAP, wato injin da yake hura wa mutum iska ta takunkumin fuska yana barci, da kuɗi masu ciwo. Wata huɗu kenan, minsharin ya tafi, amma wallahi sha ɗaya na safe tana yi idona kamar an ɗora dutse, ranar Talata ma a danja barci ya sace ni sai hon ɗin na baya ne ya tashe ni. Ina sa injin wajen sha biyun dare zuwa kiran assalatu, in na dawo masallaci sai in ɗan koma barci haka nan ba tare da shi ba. Injin ne ba ya aiki ko jikina ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, don Allah ka ajiye makullin motar nan har sai abin ya daidaita. Wanda barci ya sace a danja zai iya sace shi a hanyar Zariya yana kan gudu, wannan ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarka.

To, a ganina kai da kanka ka rubuto rabin amsar. Sha biyu zuwa assalatu awa huɗu da rabi ne ko biyar, alhali baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Na san allon injin zai nuna maka ka ci jarrabawa, saboda ma'aunin da aka saba shi ne awa 4 a dare, cikin kashi 70 na darare, amma wannan ma'auni ne na inshorar lafiya a Amurka don a ga ko za a ci gaba da biya wa mutum kuɗin inji, ba shi ne iyakar abin da jiki yake so ba.

Sai barcin bayan asuba, nan ne gizo yake saƙa. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare da farkon safiya, kuma a cikinsa ne naman maƙogwaro yake sakewa gaba ɗaya, shi ya sa ɗaukewar numfashi ta fi tsawo a lokacin, iskar da ke cikin jini ta fi sauka. Kenan kana cire takunkumin daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Shi wannan inji, tun da Colin Sullivan ya fito da shi a Sidni ta Ostareliya a 1981, aikinsa ɗaya ne, ya hura iska ta tokare maƙogwaro kada ya rufe, ba ya gyara wajen, da zarar ka cire shi, ɗaukewar numfashin nan taka ta sau 38 a awa sai ta dawo. Saboda haka in ka dawo masallaci ka mayar da shi, ƙailula ma da shi, ko ta minti ashirin ce. Kuma ka ja lokacin kwanciya ya dawo goma.

Bayan haka ka leƙa lissafin da injin yake ajiyewa, akwai lamba da ake kira AHI, ita ce sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa, so ake ta kasance ƙasa da 5. Akwai kuma lissafin iskar da take zurarewa. In kana tashi da baki a bushe ƙamas, ko iska tana busa maka ido, ko madam tana jin fiii cikin dare, to yoyo yake, sau da yawa baki ne yake buɗewa ko gemu ya hana robar takunkumin zama, masu gemu galibi sun fi jin daɗin irin wanda ake sa shi a ƙofar hanci kawai. Da hunturu a riƙa duba filta don ƙura tana toshe ta da wuri, a zuba ruwa a tankin danshi. In NEPA tana ɗauke muku wuta tsakar dare, inbata ko batirin da zai kai safiya yana cikin maganin. Amma ƙarfin iskar kada ka murɗa da kanka, kai wa likitanka katin da injin yake ajiye lissafin a ciki ya duba, wasu ƙarin ƙarfi suke buƙata, wasu kuma wani nau'in ɗaukewar numfashi ne daga ƙwaƙwalwa yake ɓullowa bayan an fara CPAP, ƙara iska ba ya maganinsa.

In duk wannan ya zauna, ka yi wata guda kana awa 7 da shi amma kasalar tana nan, sai a duba jini: ƙarancin jini, suga, da aikin ƙwayar maƙogwaro da take jawo maƙoƙo. A tambaye ka magungunan da kake sha, Piriton kaɗai ya isa ya sa mutum layi har washegari. Goro, shayi da Nescafe bayan la'asar suna sa barci ya zama sama-sama ko da ka ga ka yi shi. Damuwa ma tana zuwa da kamannin gajiya, kada ka ji nauyin faɗa wa likita.

Akwai mutanen da komai nasu daidai yake amma barcin rana ya ƙi barinsu, su ne ake rubuta wa magani irin modafinil ko solriamfetol, tare da injin ba a madadinsa ba, kuma ana lura da hawan jini. Kada ka shiga kemis ka saya da kanka. Ka fara da bayan asubar gobe, bayan sati biyu ka rubuto min lambobin da allon ya nuna. Allah ya ƙara lafiya.