Amsata kan maganar Auta (murya ce, na ce a rubuta saboda masu ƙarancin data)

Assalamu alaikum, Yaya ina wuni, ya gida ya yara. Ki yi haƙuri sai yanzu, tun azahar ba wuta a layinmu wayar ta mutu. Na saurari muryarki, wai Auta sau biyu ke nan tana ƙin fita difens ɗin furojet ɗinta, wato ta tsaya gaban malamai ta kare aikin bincikenta na kammala karatu, ranar sai ta tashi da amai da murɗawar ciki ta kulle ɗaki, kuma kina tambaya ko akwai wanda ya san mai ruƙiyya mai kyau a Tudun Wada ko Rigasa. Na ga har an turo miki lambobi uku.

To ni dai ba lamba zan ba ki ba. Kuma ki yafe min Yaya, ni na san ba malami ne ainihin tambayarki ba. Kin san inda ya kamata a je, tsoro kike kar wani ya gan ku kuna sauka daga keke a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a ce 'yar gidan wane ta taɓu, ga shi ana maganar aurenta bayan salla. Wannan ne kawai, ki ce ƙarya nake.

Abin da ke damun yarinyar nan ni na san shi kamar yunwar cikina, don shi ya cinye min shekaru. Kin tuna bikin nan na Unguwar Rimi, ranar kamu, da aka neme ni aka rasa? Ban je ko'ina ba, ina banɗakin baya zaune kan bokiti da ankona da gwaggwarona, kusan awa biyu. Don kawai an ce ni zan karɓi makirfo in yi wa dangin ango maraba. Zuciyata kamar ana daka sakwara, tafin hannuna sharkaf, bakina ya bushe ƙamas, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Da na fito me aka ce? Girman kai. Wata gwaggo, ba zan kama suna ba tana cikin gurup ɗin nan kuma ta san kanta, ta ce wai don na shiga makarantar gaba da sakandare nake ganin na fi ƙarfin dangi. A gaban kowa fa! Shekara nawa ana kirana miskila, har a wajen suna in na shigo sai a ce ga hajiya mulki ta iso, alhali ni ina ƙirga mintocin da zan gudu ne. Har yau in na ga atamfa mai irin kalar ankon nan raina ɓaci yake, shuɗiya ce mai ganye-ganye, na bayar da ita ma tun tuni. Kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce min ke lafiya kuwa? Ko mutum ɗaya. To a bar wannan dai, ba shi ya kawo ni ba.

Abin da nake so ki gane, wannan ba kunya ba ce. Kunya ado ce, addini ma ya yabe ta, mai kunya za ta sunkuyar da kai amma za ta je ta yi difens ɗinta ta dawo. Wannan kuwa fargabar idon mutane ce, likitoci na ce mata soshiyal anzayati. Kullum gani kike ana kallonki ana jiran ki yi kuskure a yi dariya. Ba ki iya cin abinci a gaban baƙi, waya na ringin kina kallonta har ta tsinke, in kin yi magana a taro kwana uku kina bitar abin da kika faɗa kina cizon yatsa. Yawanci tun ana shekara 13 zuwa 15 yake farawa, kuma in ya wuce wata 6 yana hana mutum karatu ko aiki ko zumunci, to ya zama abin ganin likita. Ki tuna Auta tun tana aji uku na sakandare ta daina karatu da ƙarfi a islamiyya, duk muka ce natsuwa ce.

Kuma ba wai na ce kar a yi addu'a ba, kar gobe a ce na ce. A yi, a yi mata tofi, ta riƙe azkar, ni ma ina yi. Amma raƙuminka ka ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Ni sau nawa aka yi min hayaƙi aka ce jinnul ashiƙ ne, wane irin aljani ne ba ya tashi sai in an miƙo makirfo?

Barnawa ɗin nan da muke tsoro, asibitin gwamnatin tarayya ne, kuma ba kowa ake kwantarwa ba. Da yawa kati suke yanka su ga likita su koma gida, masu rashin barci, masu damuwa bayan haihuwa, ma'aikata da kayan ofis ɗinsu. In sunan ne ya tsaya miki a wuya, ku fara da likita a Barau Dikko ya tura ku, ko Shika a Zariya suna da sashen. Doka ma ta canza, a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 ta zamanin Turawa. Mu ne kawai kanmu bai canza ba.

Ni da na je, farko sai da aka duba jinina da maƙogwarona, don ciwon maƙoƙo ma kan sa bugun zuciya da rawar hannu. Da aka ga lafiya sai aka haɗa ni da mai ba da shawara, saikolojis. Na zaci nasiha za ta yi min irin ta ki cire tsoro ki dake, wallahi ba haka ba ne. Aiki ne, si-bi-ti suke ce masa. Sati-sati, kamar awa ɗaya. Ta ba ni littafi ta ce in rubuta me nake tsoron zai faru, in sa wa tsoron maki daga 0 zuwa 10, sannan in je in yi abin, in dawo in rubuta me ya faru da gaske. Daga ƙarami muka fara, gaida maigadi ina kallon fuskarsa. Sai ta tura ni Kasuwar Barci in taya kaya in tafi ban saya ba. Yaya ranar na sa 9. Na taya wani mayafi murya na rawa, na ce Allah ya ba da kasuwa na juya, ina jiran zagi, mutumin ko ɗago kai bai yi ba yana ta latsa wayarsa. Na tsaya bakin titi ina dariya ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Ta kuma hana ni dabarun ɓuya, zaman can baya, da riƙe waya a kunne kamar ina magana. Wata uku, a'a ƙarya nake, ya kai huɗu don na yi fashi da azumi, kafin na iya ɗaga hannu a taron iyayen yara. Kuma ba wai ya tafi kwata-kwata ba, muryar nan ma sau biyu ina gogewa.

Magani kuma akwai, wasu ana haɗa musu da ƙwaya, tana ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinta, amma likita ne zai rubuta. Don Allah kar a je kemis. Ni wani mai kemis ya taɓa ba ni ƙwayar barci wai ta kwantar da hankali, Allah ne ya tsare ni. Yara da yawa ta nan suke faɗawa tiramol da kodin don su samu ƙarfin halin shiga mutane, kodin ɗin da gwamnati ta hana tun 2018. Ki ma duba ko tana shan Nescafé ko lemon ƙara kuzarin nan da dare wajen karatu, yana ƙara bugun zuciyar.

Sannan ku da ke gurup, na roƙe ku kar wanda ya kira ta ya ce mun ji abin da ke damunki. Kun kashe ta ke nan, abin da take gudu ke nan tun farko, da ma Yaya ta fasonal ya kamata ki turo min. Kuma a daina cewa ki dubi ƙanwar wance ta yi nata difens ɗin lafiya. Ki dai samu malamin da ke duba furojet ɗin a ji ko za a ba ta wani lokaci, takardar likita na taimakawa a irin wannan.

Laraba ba ni da aiki, zan biyo in ɗauke ta mu biyu, ke ki zauna. Ki ce mata rakiya za ta yi min... a'a kar ki yi mata ƙarya, ni zan yi mata bayani da kaina a hanya, zan nuna mata littafin nawa, yana nan. Bari in je, miyata na kamawa.